Yadda Ake Tantance Ɗan Besbol Na Sakandare A Amurka: Daga Agogon Gudu Zuwa Falon Iyayensa

A watan Yunin 2009, ranar da kulob-kulob na babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, ke zaɓen sababbin 'yan wasa, sai da aka kira sunaye 24 kafin a kira na Mike Trout. Yaro ne ɗan shekara 17 daga Millville, wani ƙaramin gari a kudancin jihar New Jersey, inda sanyi da ruwan sama kan cinye farkon kakar wasa. Kulob ɗin Angels ya ɗauke shi a lamba ta 25, daga baya ya lashe kyautar gwarzon rukuninsu har sau uku. Shekara 18 kafin nan kuwa, Yankees sun zuba dala miliyan 1.55 a kan Brien Taylor, bahagon yaro mai jifa kamar harsashi, wanda suka ɗauka a lamba ta ɗaya. Ya ji rauni a kafaɗa wajen faɗa a 1993, bai taɓa taka filin babbar gasa ba.

Waɗanda suka yanke hukuncin nan biyu ba 'yan koyo ba ne. Aikin ne haka. Kana kallon yaro mai shekara 17, amma abin da za ka biya kuɗinsa shi ne mutumin da zai zama a shekara 23 ko 24. Shi ya sa nake ɗaukar agogo da na'ura a matsayin masu nuna maka yaron da ya kamata ka koma ka kalla. Wanda za ka ɗauka kuwa, sai ido da tafiya da tambaya.

Ga wanda bai saba da wasan ba: mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, mita 18.4 daga wurin da ake kira gida, inda mai bugu ke jira da kulki, mai cafka kuma na tsugune a bayansa. In ya buga, sai ya ruga ya bi zango uku ya dawo gida. Tsakanin kowane zango ƙafa 90 ne, wato mita 27 da ɗoriya. Sauran 'yan wasa bakwai na tsaron fili, huɗu a ciki, uku a baya.

Mataki na ɗaya: san abin da ka fito saye

Masu farautar 'yan wasa suna raba baiwar yaro gida biyar: iya bugu, ƙarfin bugu, gudu, tsaron fili, da ƙarfin hannu wajen jifa. Kowanne ana ba shi maki daga 20 zuwa 80, ma'aunin da ake dangantawa da Branch Rickey, tsohon shugaban Dodgers da ya kawo Jackie Robinson a 1947. Maki 50 shi ne matsakaici, 60 ya fi matsakaici, 70 ya yi fice, 80 kuwa a kan yatsu ake ƙirga masu shi.

Inda sabon shiga ke faɗawa rami shi ne mantawa da cewa 50 ɗin nan matsakaicin ɗan babbar gasa ne, ba na 'yan makaranta ba. Yaron da ke tashen bugu a duk gundumarsu, wanda jaridar gari ke buga hotonsa kowane mako, iya bugunsa na yau da wuya ya wuce 20 ko 30 a wannan ma'auni. Don haka kowace baiwa maki biyu ake rubuta mata, na yau da na gobe. Ka rubuta 25/55, ma'ana yau bai kai ko'ina ba, amma ina ganin zai ɗan haura matsakaici. Gudu da ƙarfin hannu ba su cika nisa tsakanin yau da gobe ba. Iya bugu ne ke da tazara mai faɗi, kuma a cikin tazarar nan ake cin riba, a nan ake tafka asara.

Ka kuma sa a ranka cewa matsayi a fili yana canza darajar komai. Mai cafka, da mai tsaron tsakanin zango na biyu da na uku, da mai tsaron tsakiyar baya, ana yi musu uzuri in bugunsu bai kai ba, domin wurarensu ba kowa ke iyawa ba. Wanda ba shi da wurin zuwa sai zangon farko, dole kulkinsa ya ciyar da shi.

Mataki na biyu: je inda suke taruwa

Kakar makarantu da bazara ake yin ta, amma a nan tauraro ɗaya kan samu kansa cikin yara goma sha bakwai da ba za su wuce sakandare da wasan ba. Haɗuwar gwani da gwani sai lokacin hutun rani, a tarukan baje koli. Kamfanin Perfect Game, wanda aka kafa a Cedar Rapids ta jihar Iowa a 1995, shi ne babba a harkar, kuma gasarsa ta watan Oktoba a Jupiter ta Fulorida tana tara mafarauta ɗaruruwa. Akwai wasannin Area Code a Kalifoniya cikin Agusta, akwai East Coast Pro a gabashi. Tun 2021 kuma MLB da kanta take shirya nata gwajin kafin zaɓe, wanda ta fara a Cary ta Karolina ta Arewa, daga baya ya koma Phoenix.

Sai dai yawancin tarukan nan kuɗi iyaye ke biya, ga kuɗin jirgi da otal. Yaron da ubansa direban babbar mota ne a wani ƙauyen Misisifi ba lallai ka gan shi a Jupiter ba. Shi ya sa tsofaffin mafarauta ba sa rabuwa da lambobin kociyoyin makarantu da alƙalan wasa na karkara, masu buga waya su ce, zo ka ga wani yaro.

Mataki na uku: ranar gwaji

Ka iso da wuri. Da ƙarfe bakwai na safe za ka tarar da yara sun fi ɗari a layi, kowa da lamba a bayan riga, iyaye sun jeru bayan waya da kujerun naɗewa. Kafin a busa usur ka riga ka fara aiki: wa ke ɗumama jiki da gaske, wa ke hira, wa uwarsa ce ke ɗauke masa jaka. A aljihunka akwai agogon dannawa da littafi, a hannunka bindigar rada, irin wadda jami'an hanya ke auna gudun mota da ita. Asalinta ma daga can ne: Danny Litwhiler, kocin Jami'ar Jihar Mishigan, shi ya ga 'yan sanda na amfani da ita a shekarun 1970, ya ce ai wannan za ta auna ƙwallo.

Da gudun yadi 60 ake farawa, kusan mita 55, wato nisan zango biyu in an miƙe su. Kulob-kulob sun ɗan bambanta wajen ma'auni, amma sakan 6.7 zuwa 6.9 shi ake ɗauka matsakaici. Wanda ya sauko ƙasa da 6.5 mai gudu ne na gaske, wanda ya haura 7.2 kuma sai dai a nema masa wurin da ba a buƙatar ƙafa. Kafin ka rubuta lambar, tambayi abu uku. Da hannu aka danna ko na'urar haske ce ta auna? Yatsan mutum yakan yi wa yaro kyautar kashi ɗaya ko biyu cikin goma na sakan. A kan ciyawa ce jiƙaƙƙiya ko shimfiɗar roba? Iska tana bayansa ko tana gabansa? Lambar da aka ba ka ba tare da waɗannan ba, cinikin biri a sama ce.

Ni dai a ganina an cika girmama yadi 60. A wasa babu mai gudun mita 55 a miƙe. Yadi goma na farko sun fi gaya maka gaskiya, domin su ne satar zango, wato rugawa zango na gaba yayin da mai jifa ke jifa, su ne tashin farko zuwa ƙwallo. Wanda ya fi su duka shi ne lokacin gida zuwa zangon farko a cikin wasa: ka danna da jin ƙarar kulki, ka sake dannawa da ƙafarsa ta taka zango. Matsakaici sakan 4.3 ne ga mai bugu ta dama, 4.2 ga mai bugu ta hagu, don shi ya fi kusa da taku guda. In ka ga 4.0 daga dama, duba agogonka, sannan ka ja layi biyu a ƙarƙashin sunan.

Sai jifa. 'Yan baya za su jefa daga kusurwar dama zuwa zango na uku da gida, 'yan ciki kuma daga ramin da ke tsakanin zango na biyu da na uku zuwa na farko. Yara sun san rada na kallonsu, don haka za ka ga wani ya ɗauki gudu taku biyar, ya wurga ƙwallo da dukan ƙarfinsa, allon ya nuna mil 93 a awa, ƙwallon kuma ta wuce saman mai karɓa ta bugi waya. Iyaye su yi tafi. Kai abin da za ka rubuta daban ne: ƙwallon ta tafi a miƙe kamar an ja igiya, ko ta yi ciki ta faɗi? Ta isa ƙirjin mai karɓa? Taku nawa ya yi kafin ya saki? Mil 86 da ke fita nan take ta sauka inda ake so ta fi 93 ɗin can kashe mai gudu.

Mai cafka yana da nasa gwajin, daga ƙarar ƙwallo a safar hannunsa zuwa ƙararta a safar mai tsaron zango na biyu, nisan kusan mita 39. Sakan 2.0 shi ne matsakaicin babbar gasa. Lissafin ma mai sauƙi ne: mai jifa yakan ci sakan 1.3 kafin ƙwallonsa ta iso gida, a ƙara 2.0, ya zama 3.3, kuma ɓarawon zango nagari kusan abin da yake buƙata ke nan. A wajen baje koli za ka ga 1.8 birjik, saboda babu mai bugu a gaba, yaron ya riga ya ɗaga gindi, ya san ƙwallo na zuwa daidai ƙirjinsa. Ajiye wannan lamba a gefe har sai ka samu ta cikin wasa.

Haka gudun ƙwallo bayan bugu. A babbar gasa, tun da aka kafa tsarin na'urorin aune-aune na Statcast a duk filaye 30 a 2015, bugun da ya kai mil 95 a awa, wato kilomita 153, shi ake kira bugu mai ƙarfi. Ɗan sakandaren da ke kai 90 ya ja hankalin jami'o'i, manyansu kan haura 100. Amma da wane kulki? 'Yan makaranta da na ƙarfe suke wasa, ko da yake tun 2012 ƙa'idar BBCOR ta rage masa tsalle, ƙwararru kuwa da na katako. Na ƙarfe yana yafe kuskure: ka buga da kusa da hannu, ƙwallo ta tsallake 'yan ciki. Na katako karyewa zai yi a hannunka. Kada ka yanke hukunci a kan yaro sai ka gan shi da katako.

Akwai kuma tsallen sama, tsallen gaba, ƙarfin damƙa da gwajin gani. Rubuta su, suna nuna irin injin da ke jikin yaro, amma kada ka daɗe a kansu.

Mataki na huɗu: mai jifa

Zauna bayan gida, daidai saitin tudu. Matsakaicin miƙaƙƙiyar jifa a babbar gasa yanzu ya kai wajen mil 94 a awa, kilomita 151. A sakandare, yaron da ya taɓa 90 ya shiga littafin kowa. To amma "ya taɓa" daban, "yana zaune" daban. Rubuta lambar kowace jifa, zubi bayan zubi, wato kowane kashi na wasan da ɓangarorin biyu ke karɓa-karɓar bugu da tsaro. Wani zai buɗe da 93 a zubin farko don ya ga bindigogi ashirin sun ɗago, a zubi na huɗu ya koma 86 yana haki. Wani kuma 89 zuwa 90 zai riƙe har ƙarshe ba tare da jijiyar wuyansa ta tashi ba. Na biyun nake so.

Bayan jifa goma sha biyar, ajiye bindigar ka tashi ka koma gefe. Daga nan ne za ka ga jiki: yadda ƙugu ke buɗewa kafin kafaɗa, inda hannu yake lokacin da ƙafar gaba ta sauka, ko kai na fizgewa gefe wajen saki. In ƙafa ta sauka hannu bai ɗago ba tukuna, gwiwar hannu da kafaɗa ne za su biya bashin. Ka lura ko yana maimaita salonsa iri ɗaya kowace jifa, domin daga nan iya saiti ke fitowa.

Jifa mai lanƙwasa kusan baiwa ce: yaron da yatsunsa suka iya murza ƙwallo za ka gane tun yana 16. Na'urori irin su TrackMan da Rapsodo suna ƙirga juyin ƙwallo, matsakaicin miƙaƙƙiya a babbar gasa kusan juyi 2,300 ne a minti. Jifar yaudara kuma, wadda ke fita kamar miƙaƙƙiya amma ta gaza ta da mil 8 zuwa 10, yawancin taurarin sakandare ba su da ita, don ba su taɓa buƙatarta ba. Kada ka yi masa hukunci mai tsanani a kan haka. Duba dai ko hannunsa na rage gudu in zai jefa ta, wato yana tona wa kansa asiri.

Kuma ka san haɗarin da ke cikin wannan haja. Tun da aka fara zaɓen a 1965, masu jifa 'yan sakandare uku kacal aka taɓa ɗauka a lamba ta ɗaya: David Clyde a 1973, Taylor a 1991, Brady Aiken a 2014. Dukansu bahagwai ne. Biyu ba su kai babbar gasa ba, Clyde kuma da aka jefa shi ciki makonni kaɗan bayan gama makaranta, hannunsa bai daɗe ba.

Mataki na biyar: kalli wasa na gaske, fiye da sau ɗaya

Duk abin da ya gabata mai hankali zai iya koyonsa a wata guda. Nan ne aikin yake. Iya bugu shi ne baiwar da ta fi kowace tsada, kuma ita ce babu agogon da ke auna ta. Ƙwallo mai gudun mil 90 tana isowa cikin kusan kashi huɗu cikin goma na sakan. A ɗan wannan lokaci yaro zai gane irin jifar, ya gane inda za ta bi, ya yanke shawara, ya kai kulki. Bugun atisaye, inda koci ke lallaɓo ƙwallo daga kusa, ba ya gwada ko ɗaya daga cikin waɗannan. Akwai yaran da mafarauta ke wa laƙabi da gwanayen ƙarfe biyar, wato lokacin atisaye. Wasa na farawa ƙarfe bakwai, sai a neme su a rasa.

Tsaya ta gefen da ƙirjinsa ke kallo: mai bugu ta dama, ka koma ɓangaren zangon farko. Kalli hannuwansa kafin ƙwallo ta taso, suna natse ko suna rawa. Kalli kansa, in yana tafiya gaba da yawa ido ba zai ga lanƙwasa ba. Sa'an nan ka bar kallon inda ƙwallo ta faɗi. Yaro zai iya fitowa bugu sau huɗu ba tare da ya ci ko ɗaya ba, alhali sau uku ya buga ta da tsakiyar kulki ta tafi hannun mai tsaro. Wani zai ci uku da ƙwallayen da suka gangaro ta tsakanin ƙafafun yara. Takardar sakamako za ta yabi na biyu, littafinka ya yabi na farko.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne jifar da bai buga ba. A ce an ci shi jifa biyu, saura ɗaya ya fita, don uku ke fitar da mai bugu, mai jifa ya sako mai lanƙwasa da ta taso kamar za ta shiga akwati, wato yankin da in ya bar ƙwallo ta wuce ta ciki an ci shi, sannan ta nutse ƙasa. Yaron ya ɗan motsa hannu, ya tsaya, ya bar ta ta wuce ba tare da ya yi tangaɗi ba. Wannan barin ya fi bugun tsallake katanga a kan ɗan aji uku mai jifar mil 75 daraja a wurina. Ka kuma bi shi zuwa fitowarsa ta gaba: wanda aka yaudara da wata jifa a zubi na biyu, in aka sake kawo masa ita a na biyar, ya gane ta?

Billy Beane shi ne misalin da kowa ke bayarwa a nan. Mets sun ɗauke shi a zagayen farko a 1980 daga wata sakandare a San Diego, dogo, mai gudu, mai hannu, mai ƙarfi, duk abin da ido ke so. Bugun ne bai zo ba. A ɗaya gefen ga Mookie Betts na Nashville, ɗan ƙaramin jiki, gwanin ƙwallon kwando da wasan gangara ƙwallo, wanda ya kai zagaye na biyar a 2011 kafin Red Sox su ɗauke shi. Saurin idonsa da hannunsa ne suka kai shi ga kyautar gwarzo a 2018.

Kada ka tsaya a kallo ɗaya. Sau uku shi ne mafi ƙaranci, kuma ka nemi ranar da zai haɗu da mai jifa na kirki, ko da tafiyar awa biyar ce.

Mataki na shida: gyara lambobinka

Lamba ɗaya ba ta nufin abu ɗaya a jikin yara biyu. Fara da ranar haihuwa. A aji guda za ka samu mai shekara 17 da wata tara da kuma mai 19 da 'yan watanni, don wasu iyaye da gangan suke maimaita wa yaro aji domin ya fi tsaransa girma. Binciken da marubucin besbol Rany Jazayerli ya wallafa a 2011 ya nuna cewa ƙananan masu bugu a cikin 'yan sakandaren da aka zaɓa sun fi manyan amfani nesa ba kusa ba. Trout na cikin ƙananan.

Sai yanayi. Yaron Fulorida ko Teksas ko kudancin Kalifoniya yana wasa kusan duk shekara, ya goge, amma wataƙila ya kusa kai iyakarsa. Na Mishigan ko New Jersey rabin shekara yana cikin ɗaki, ɗanye ne, akwai sauran wuri. Derek Jeter daga Kalamazoo ta Mishigan ya fito, kuma a 1992 da Astros suka tsallake shi suka ɗauki ɗan jami'a, mafaraucinsu Hal Newhouser ajiye aikin ya yi don takaici. Yankees suka same shi a lamba ta shida.

Sa'an nan jiki. Dillalin kara ba ya sayen maraƙi don naman da ke jikinsa yau, ƙashi yake dubawa. Kai ma haka: faɗin kafaɗa, tsawon hannu da ƙafa, girman tafin hannu, fuskar da gemu bai fito ba tukuna. Siririn yaro mai faɗin kafaɗa da ke jefa 88 yana da inda zai zuba nama, gajere kakkaura mai gemu da ke jefa 91 wataƙila abin da ka gani shi ke nan. In da hali ka hango iyayen a bayan waya. Trout ma ai ubansa Jeff ya yi wasa a ƙananan rukunai, kuma Greg Morhardt, mafaraucin da ya nace sai Angels sun ɗauke shi, tsohon abokin wasan uban ne.

Mataki na bakwai: lafiyar hannu

Tambayi jifa nawa yake yi a wasa, wata nawa yake hutawa a shekara, kulob nawa yake yi wa wasa a lokaci guda. Ƙa'idar Pitch Smart da MLB da hukumar besbol ta Amurka suka fitar a 2014 ta sa iyakar jifa 105 a rana ga mai shekara 17 zuwa 18, da hutun kwana huɗu bayan aiki mai nauyi. Binciken cibiyar likitocin wasanni ta Birmingham a Alabama ya gano cewa yaran da ke wuce zubi 100 a shekara sun ninka sauran sau uku da rabi wajen samun mummunan rauni. Tiyatar jijiyar gwiwar hannu, wadda Dakta Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974, takan cinye shekara guda zuwa ɗaya da rabi. Aiken ɗin can, hoton gwiwarsa ne ya sa Astros suka rage tayinsu daga dala miliyan 6.5, ciniki ya watse, a 2015 aka yi masa tiyatar.

Mataki na takwas: shiga gidansu

Da hunturu, lokacin da babu wasa, mafarauci kan nemi izini ya ziyarci iyali. Hira ce ta awa ɗaya ko biyu a falo, amma kunnenka na neman abubuwa. In ka tambayi yaron, shi ke amsawa ko uban ne ke karɓe maganar? Ka tambaye shi ranar da ya fi shan kashi a fili. Wanda ya ɗora wa alƙali ko koci, rubuta. Wanda ya ce mai lanƙwasa ce ta dame ni, ga abin da na gyara, shi ma rubuta. Dalilin tambayar shi ne yawancinsu ba su taɓa faɗuwa ba, alhali a wasan nan gwani ma sau bakwai cikin goma fita yake yi hannu rabbana. Nan da wata shida yaron zai kasance a wani gari mai nisa, cikin doguwar bas, tare da 'yan Jamhuriyar Dominika da Benezuwela da suka fi shi yunwa. Kada ka tsaya ga kocinsa, shi talla yake yi. Tambayi kocin abokan hamayya, da malamin aji, da mai gyaran fili.

Sai maganar kuɗi, kuma gara a yi ta a fili. Zaɓen yanzu zagaye 20 ne, cikin Yuli ake yi, kuma kowace lamba a zagaye goma na farko tana da farashin da aka ƙayyade mata. Ta ɗaya ta haura dala miliyan 10 a 2024. In ka ɗauki yaro a waɗannan zagaye ya ƙi sa hannu, kuɗin lambar ya fita daga asusun da aka yarje wa kulob ɗinka. Shi kuma yaron yana da mafita, domin galibi wata jami'a ta riga ta ba shi gurbi, sai dai in ya tafi ba zai dawo zaɓe ba sai bayan shekara uku ko ya cika 21. Gerrit Cole ya yi haka: ya juya wa Yankees baya a 2008 ya tafi jami'ar UCLA, a 2011 Pirates suka ɗauke shi a lamba ta ɗaya da dala miliyan 8. Don haka ka fito daga gidan da adadi a rubuce, kuma ka san wa ke da ta cewa, uwa ce ko uba ko mai ba su shawara.

Mataki na tara: rubuta rahoto

Rubuta shi a daren, a mota ko a otal, kafin hirar sauran mafarauta ta gurɓata maka abin da idonka ya gani. Jera maki biyu-biyu na kowace baiwa, kwanan wata da wurin kowane kallo, da irin abokan hamayya. Raba abin da ka auna da abin da ka hango. Faɗi wurin da kake ganin zai tsaya a fili yana ɗan shekara 25, ba inda kocinsu ya ajiye shi ba, don kusan duk gwanin makaranta a tsakiyar fili yake, kaɗan ne ke zama a can. Sa'an nan ka rufe da abu biyu da ba a kewaye-kewaye a kansu: me zai zama, ɗan wasan kullum ko ɗan benci, kuma nawa za ka biya.

Rahotonka zai hau zuwa ga mai bin diddigi, wanda ke zagaya jihohi yana gwada yaronka da na wasu, daga shi sai daraktan farauta. Za su zo su kalle shi sau ɗaya, wataƙila ranar da mura ta kama shi. A nan ne kwanakin da ka rubuta za su yi maka rana: ka buɗe littafi ka ce ranar kaza na gan shi da katako a gaban mai jifar 92, ga abin da ya yi. In an kira sunansa a Yuli, kai za ka kai takardar gidansu a sa hannu. In wani kulob ya riga ku, ka ajiye rahoton a fayil, don bayan shekara biyar za ka so ka ga inda ka yi daidai da inda ka kauce. Kafin nan dai 'yan aji na gaba sun riga sun fara layi a wajen baje kolin rani, da sababbin lambobi a bayan riga.